Ceto Ne Ko Sayen Kayan Sata?

Kowane ɗan Adam da irin ciwon da Allah ya jarrabe shi da shi. Wani ƙwallo ne ciwonsa, wani tufafi, wani kuwa in shekara ta zagayo bai sauya waya ba sai ya ji kamar an yi masa mutuwa. Ni nawa ciwon shi ne farautar tsofaffin littattafai, musamman waɗanda suka shafi itatuwa da tsirrai, masu hotuna a ciki. Wannan ciwo ne ya jefa ni cikin wata matsala a zangon karatun da ya wuce, wadda na ga ya kamata in kawo ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan mujalla tamu, domin na tabbata ba ni kaɗai na taɓa faɗa mata ba, sai dai ko ni kaɗai ne zan yarda in tona wa kaina asiri.

Duk ranar Asabar da ba mu da lacca, in ɗan abin da aka aiko mini daga gida ya yi saura, nakan hau bas a Samaru, mu ratsa Palladan da Kwangila, in sauka a Sabon Gari. Ba kantunan sababbin littattafai nake nufa ba, aljihuna bai kai can ba. Wurin masu baza tsofaffi a ƙasa bisa buhu nake zuwa, in na gama da su kuma in zarce can cikin kasuwa wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin takardu a kan sikeli, wanda masu tsire da masu ƙosai da masu gyaɗa ke saye a wurinsa don ƙunshe kaya. A wurin wannan dattijo littafi ba shi da suna, nauyi kawai gare shi. Kuma ba abin mamaki ba ne a sami irin wannan sana'a a Zariya. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, ga tashar binciken aikin gona ta Samaru tun 1922, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ban da kwalejoji da makarantu barkatai. Garin da ya yi kusan shekara ɗari yana cin takarda dole ya tara ɓawonta. Malami ya yi ritaya ya koma garinsu, ko ya rasu magada su share ɗaki, sai ka ga abin da ya tara cikin shekara 30 ya iso kasuwa a cikin buhu.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciwo baƙo ne a ƙasar Hausa. Lokacin da Baturen nan Kyaftin Clapperton ya koma Sakkwato a 1826, daga cikin tsarabar da ya kai wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littattafan Larabci, ciki kuwa da littafin lissafi na Uƙlidis, kuma Sarki ya yi murna da shi ƙwarai, domin wanda gidansu ke da shi gobara ta cinye. Saboda haka in an yi mini dariya a ɗakin kwana, nakan ce ciwon nan na manya ne.

Dalilin da ya sa na fi karkata ga littattafan tsirrai kuwa, kunya ce mafarinsa. Wata rana a aji muna nazarin karin magana, malaminmu ya tambaye mu wa ya taɓa ganin ƙirya da idonsa, itacen nan da maƙera ke son gawayinsa. Mu fiye da 40 a ajin, mutum uku ne suka ɗaga hannu, kuma ba na cikinsu. Da na koma ɗaki na auna kaina, sai na tarar ba zan iya bambanta magarya da kurna ba in ba 'ya'yansu na gani a faranti ba, kuma taura da kanya da ɗinya duk a bakin 'yan talla na san su. Ga ni ɗalibin Hausa, ina haddace kalmomi kamar mai tara kwalabe babu komai a ciki. Kakata kuwa, wadda ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, in ta bi hanyar gona ba ta wuce ganye ba ta kira sunansa ba, ta kuma gaya maka wanda ake jiƙa wa mai jego da wanda akuya ba ta ci. Tun daga ranar na ƙudura cewa kundina na kammala digiri a kan sunayen itatuwa zai kasance.

To, a nan na gane inda gizo ke saƙa. Sunaye dai an tara su tuntuni. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel (mutanen ƙasarsu “Diyal” suke kiran sunan, ko da yake ba haka rubutun ya nuna ba), ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su. Amma abin da za su ba ka shi ne sunan Hausa da takwaransa na Latin, watau a ɗauke ka daga duhu guda a kai ka wani duhun. Wanda bai san marke ba, in ka gaya masa sunansa na Latin, me ka ƙara masa? Hoto ake bukata. Littattafan lambu masu hotuna kuwa ga su nan tuli a Sabon Gari, amma kusan dukkansu gwanjon Ingila ne. Ina da guda shida. Takarda mai sheƙi, furen wardi ja da fari da rawaya kamar ka kai hannu ka tsinka, ga shawara cewa kada a dasa kaza sai sanyin ƙanƙara ya wuce a watan Afrilu. A Samaru kuwa Afrilu shi ne lokacin da zafi ke hana jaki kuka. Ba su amfane ni da komai a kundina ba, amma ba zan ɓoye ba, ina son su, kuma nakan buɗe su da dare in na gaji da nahawu.

Ranar da abin ya faru, na tarar da dattijon nan yana yage bangayen wasu littattafai, domin masu tsire ba sa son bango mai kauri. Na gaishe shi, na ce, “Baba, a dakata mini da wancan mai kaurin in duba.” Ya miƙo mini ya ce, “Ɗan makaranta, wannan takardarsa ba ta shan mai, ba su cika so ba. In kana so ka kawo abin da ya sauwaƙa.” Ina buɗewa sai ga gawo, ga shi tsaye da ganyensa kore shar a tsakiyar rani, gona duk ta bushe a kewayensa, kamar yadda kakata ke faɗa cewa shi gawo ba ya shiri da damina. Na juya shafi, ga aduwa da ƙayarta, ga sabara, ga kalgo, ga bagaruwar majema, kowanne da hoton ganye da fure da 'ya'ya da ɓawo, ga kuma jerin sunayensu da harsunan yankin, har da Hausa. Littafin Bajamushen nan ne von Maydell a kan itatuwan Sahel, bugun Turanci wanda hukumar taimakon ƙasashe ta Jamus ta fitar a 1986. Hannuna har rawa yake yi. Na daure fuska irin ta mai ciniki don kada Baba ya gane, muka daidaita a kan Naira 2,500, kuɗin abincina na kwana biyu. A cikin bas na ciro biro na rubuta sunana da sashenmu a shafin farko, har da kwanan wata.

Sai da dare, ina bin shafuffukan ɗaya bayan ɗaya, na lura an kankare wani wuri a shafin take da reza, har takardar ta yi sirara. A cikin bangon baya kuma ga alamar inda aka ɓamɓare aljihun kati. Zuciyata ta ce kada ka ci gaba da dubawa. Amma masu kula da ɗakunan karatu suna da wata dabara, sukan buga hatimi a wani shafi na can ciki wanda ɓarawo ba zai tuna da shi ba. A shafi na 101 na same shi, garau, da sunan wata makarantar gwamnati, tafiyar awa biyu daga Zariya, wadda ba zan ambaci sunanta a nan ba. Babu hatimin da ke nuna cewa makarantar ce ta fitar da shi daga lissafinta, kamar yadda ake yi wa littafin da aka yafe. Reza kuwa ba ta kankare hatimi don Allah.

Tambayar da nake so mu tattauna ke nan. Mutumin da ya sayi irin wannan littafi daga bakin wuƙar mai tsire, ceto ya yi ko sayen kayan sata? In kuwa ceto ne, ceton ya mallaka masa littafin?

Sati uku na yi ina kare kaina, kuma wallahi hujjojina ba na banza ba ne. Na ce da ban zo ba, da yanzu gawon nan yana cikin kwata da maiƙon tsire a jikinsa. Na ce a kasuwa na saya, da rana tsaka, da kuɗina na halal, ban haura katangar kowa ba. Na ma ƙara da wata hujja mai kama da ta masu kishin ƙasa, na ce ai ilmin da ke cikin littafin nan namu ne tun asali. Su Dalziel da waɗanda suka biyo bayansu a bakin wa suka ji sunayen nan, in ba a bakin manoma da makiyaya da masu magani irin kakata ba, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a bango ba? In jikan mai ilmi ya karɓi abin kakarsa, wa ya ci zalin wa?

Abokin ɗakina, wanda ke karatun shari'a, bai ɓata lokaci a kan wannan ta ƙarshe ba. Ya ce, “Malam, ilmin na kakarka ne, amma takardar ba tata ba ce. In ilmin kake so, ga waya a hannunka, ɗauki hoton shafin da kake bukata, ko ka kwafa da hannu yadda malaman zaure suka yi shekaru aru-aru.” Game da sayayya kuwa ya nuna mini cewa a fiƙihun Malikiyya, wanda ya ga kayansa a hannun wani, ya kuma kawo shaida, yana da ikon karɓa ko da wancan saye ya yi, shi mai sayen sai ya koma wa wanda ya sayar masa ya nemi kuɗinsa. Tsintuwa ma ba a cinye ta nan take, sai an yi cigiya shekara guda. Dokar ƙasa ita ma tana hukunta wanda ya riƙe kaya alhali yana da dalilin zaton na sata ne. Ya ce ranar da na saya ban sani ba, babu laifi a kaina, amma tun daga daren da na ga shafi na 101 hukuncina ya sauya.

Duk wannan na yarda da shi a ka, amma bai taɓa zuciyata ba, domin hujjata ta farko tana nan daram. Ni na cece shi, kuma ni na fi kowa sanin darajarsa. Na ma tambayi wani ɗan ajinmu da ya fito daga yankin da makarantar take, ya ce mini ɗakin karatunsu kwanonsa yoyo yake yi, gara kuma ta gama da rabin kantocin. Sai na ji sanyi a raina. Na ce to, mayar da shi can ai jefa shi ne a bakin gara, gara kuwa ba ta fi mai tsire tausayi ba.

Abin da ya karya ni, jin wannan magana tawa na yi a bakin wasu. A 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin, suka kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Oba, aka watsa su a gidajen tarihi na Turai da Amurka, har gidan tarihin Birtaniya da ke Landan shi kaɗai yana riƙe da wajen 900. Shekara da shekaru in Nijeriya ta ce a maido, amsar da ake yawan bayarwa ita ce, a wurinmu suka fi tsira, mu muka san yadda ake adana su, ku ba ku da wurin ajiya. Sai a Disamba 2022 Jamus ta kawo kashin farko Abuja, Holan kuma ta maido da 119 a 2025. Ni da bakina na sha zagin wannan hujja a muhawarar ɗalibai, na ce wanda ya ƙwace maka riga ba shi da bakin cewa ba ka iya wanki ba. Ga shi yau na ɗauko ta ɗungurungum na yafa, don kawai abin ya zo kan littafin da nake so. Ashe hujjar ba ta Turawa ba ce, ta duk wanda abin wani ya shiga hannunsa ne ya ji ba ya son saki.

Ba ina cewa babu ceto na gaskiya ba ne. Akwai shi, kuma mun gan shi a zamaninmu. A 2012, da 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali, Abdulƙadir Haidara da iyalan da ke da ɗakunan littattafai a Tumbuktu suka riƙa zuba rubuce-rubucen kakanninsu a akwatunan ƙarfe, ana fitar da su a ɓoye cikin motoci da jiragen ruwa zuwa Bamako, kuma a Janairu 2013 aka ƙone wasu daga cikin waɗanda suka rage a cibiyar Ahmad Baba. Waɗannan mutane sun raba littattafai da mazauninsu, amma da sanin masu su, kuma da niyyar mayarwa, a 2025 kuwa aka fara mayar da su. Da na ɗora aikinsu kusa da nawa sai bambancin ya fito fili. Su ba su rubuta sunayensu a kan abin da suka ceta ba. Ni kuwa tun a cikin bas, kafin mu kai Kwangila, na riga na rubuta nawa.

Ga inda na tsaya, kuma ina maraba da wanda zai gyara mini. A ganina sayen littafin daga kan sikeli ba laifi ba ne, ko da mutum ya ga hatimin tun a kasuwa, domin barinsa halaka ce tabbatacciya, kuma ba a cewa a bar akuyar maƙwabci ta faɗa rijiya don ba taka ba ce. Amma ceto amana yake haifarwa, ba mallaka ba. Wanda ya fid da akuyar daga rijiya yana da ladan wahalarsa, yana ma iya neman kuɗin igiyarsa, sai dai ba shi da akuya. Kuma akwai wani haɗari da ya wajaba mu masu wannan ciwo mu lura da shi. Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Baba mai sikeli ya riga ya gane cewa ɗan makarantar nan yana biyan kuɗi mai tsoka a kan littafi mai hotuna, yaran da ke kawo masa takardu su ma za su gane, kuma yaro in ya san inda ake biya zai nemo inda ake samu. Watau kuɗin abincina na kwana biyu yana iya zama shi ne ladan wanda zai kankare hatimi na gaba. Wannan bai sa na ce a daina saye ba, amma ya sa na ga cewa wanda ya saya ya yi shiru ya shiga cikin cinikin, ko ya so ko bai so ba. Har ila yau, littafin ɗakin karatu ya fi akuyar maƙwabci nauyi, domin ya yi kama da waƙafi, watau abin da aka tsayar don amfanin jama'a. Masu shi ba hukumar makaranta ba ce, yara ne, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wataƙila a cikinsu akwai wanda bai taɓa ganin ƙirya ba kamar ni.

A hutun tsakiyar zango na ɗauki hoton shafuffukan da kundina ke bukata, na nemi reza na kankare sunana a hankali, na sa littafin a leda biyu na hau mota. Abin da ɗan ajinmu ya faɗa gaskiya ne, har ma ya rage. Mai kula da ɗakin karatun, wani dattijo da ya kusa ritaya, ya karɓa ya juya shi, ya buɗe shafi na 101 ba tare da na gaya masa ba, ya yi murmushi. Sa'an nan ya dubi rufin ɗakin, ya dube ni, ya ce, “Ɗana, ka ga dai yadda muke. Ka riƙe abinka, a wurinka ya fi tsira. Ni na yafe maka.”

Jama'a, ban taɓa jin maganar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba, kuma ban taɓa jin wadda ta fi ta wuyar ƙi ba. Ga izini daga bakin mai ɗaki. Amma tun a mota na riga na yi wa kaina wannan tambaya, na kuma san amsarta: shi ma ajiya aka ba shi, mai ajiya kuwa ba ya kyauta da abin da aka ba shi ajiya. Na ce, “Baba, ku yi haƙuri, ba naku ba ne balle ku ba ni.” Ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce yau ya ga ɗan boko mai taurin kai. Ya jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin teburinsa, inda yake ɓoye 'yan littattafan da ruwa bai taɓa ba, ya ɗauko rajista ya sake shigar da shi, ya sa ni na sa hannu a matsayin wanda ya kawo. Ban nemi kuɗina ba, shi ma bai yi zancensu ba. A hanyar dawowa ban yi farin ciki ba ko kaɗan, kuma har yau in na buɗe hotunan nan a waya, ƙanana, ba ƙanshin takarda, sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

Asabar ɗin da ta biyo baya na koma wurin Baba mai sikeli na ba shi labari, na roƙe shi in an sake kawo masa mai hatimi ya ajiye mini a gefe, zan biya kuɗin nauyinsa kawai, ba ƙari. Ya ce shi bai iya karatun boko ba, a kilo yake saye a kilo yake sayarwa, amma zai riƙa duba mai tambarin shuɗiyar tawada. Kafin in tafi ya jawo wani daga ƙarƙashin buhu ya ce ya ɓoye mini tun ranar Laraba. Na duba shafin take, na duba bangon baya, na bi shafuffukan ciki ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, babu hatimi ko ɗaya. Littafin furen wardi ne na Ingila. Na biya Naira 800 na sa a jaka, ya zama na bakwai.